Rasuwar Lami, Laimar Hanyar Kanyar Tudu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, da ƙeyar da rana ta shiga gasawa ba mai cetonta, ni Hajo, matar Uwaisu tela, ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauyen Kanyar Tudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na cikin garin Daura da kewaye rasuwar abokiyar tafiyata, laimata, wadda kowa ya fi sani da Lami. Ta rasu ranar Talatar makon jiya, da la'asar sakaliya, a bakin kwalta, daidai mararrabar da ake sauka a shiga ƙauye, tana tsaka da aiki. Ta bar duniya tana da shekara biyar da wata uku. A wurin laimomi wannan tsufa ne tukuf, don sa'o'inta da aka sauke su kasuwa cikin buhu ɗaya, da yawansu ko damina guda ba su ƙetare ba.

Na jinkirta sanarwar ne saboda na ƙi yarda. Sai da na kai ta wurin likitanta, Malam Suhaibu mai gyaran laima da tocila a kasuwa, ya juya ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa, ya girgiza kai, ya miƙo mini ita da hannu biyu ya ce, "Malama, sai haƙuri." A nan na tabbatar.

Ga waɗanda ba su san asalinta ba, ga yadda ta shigo gidanmu. Da aka tura ni aiki Kanyar Tudu, makon farko acaɓa nake hawa. Rana ta huɗu muka shiga yashin da ke bayan mararraba, mashin ya turje, ni na yi gabas, akwatin allurar rigakafi ya yi yamma, ɗan acaɓa kuwa mashin ɗinsa ya fara dubawa kafin ya tuna da ni. Tun daga ranar na ce ƙafar da Allah Ya ba ni ba ta taɓa kayar da ni a yashi ba, ita zan riƙa hawa. Kilomita shida da rabi ne daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofar asibiti. Huɗu a gefen kwalta ta hanyar Sandamu, sauran kuwa yashi ne da gonaki da rafi guda. Awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, in ban tsaya gaisuwa ba, kuma ban taɓa rashin tsayawa ba.

Sai dai na shiga tafiyar da ƙarfin hali, ba da dabara ba. Silifas nake sawa, hijabina baƙi wuluk, ruwa kuwa ba na ɗauka don ina ganin nauyi ne. Wata Laraba cikin bazara ina dawowa, na ga kwalta tana rawa, na ga darbejiya ɗaya ta zama biyu. Na lallaɓa na zauna gindin wadda na fi zaton ita ce ta gaskiya. Wani bawan Allah mai amalanken jaki ne ya kawo ni gida a kan buhunan gawayi, ni da nake yini ina yi wa mata faɗa su riƙa shan ruwa. Washegari Uwaisu ya rufe shago da wuri ya nufi kasuwa, ya dawo da ita a hammata. Da yake ranar Alhamis ce, 'yarmu Madina ta raɗa mata suna Lami, sunan kuma ya bi ta.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko ban so ta ba. Babba ce, yanki ja, yanki rawaya, irin kalar da ko daga Baure aka hango sai an runtse ido. Na ce masa, "Haba Baban Madina, wannan ai ta masu sayar da katin waya ce. So kake a riƙa tsayar da ni a hanya ana neman kati?"

Ya ce, "Gara a tsayar da ke a nemi kati da a ce ba a gan ki ba. Direban da ya ce bai hango wannan ba, makaho ne, a karɓe masa mota."

A makon farko kuwa sai da wani mai keke ya tsayar da ni ya tambayi kati. Ban gaya wa Uwaisu ba sai yau.

Marigayiya mai kawaici ce. A ƙuruciyarta kalmominta ba su wuce uku ba. In za ta buɗe sai ta ce, "Fuf!" In za ta rufe ta ce, "Ƙyat." In kuwa ana ruwa sai ta riƙa yi mini hira, "taf-taf-taf," tun daga rafi har gida, ba gulmar kowa a ciki. Bazara shida ta tsaya tsakanina da rana, ba ta taɓa cewa yau ke ki karɓe ni ba. Ba ta tambayi abinci ba, ba ta nemi mai ba, ba ta taɓa cewa cajinta ya ƙare ba.

Maganar Uwaisu kuma ta tabbata, ko da yake ba na so ya ji na amsa. A bakin kwalta ɓangaren da nake fuskantar motocin da ke tahowa nake bi, don in gan su su gan ni. Kafin zuwan Lami, manyan motoci sukan wuce ni kusa-kusa har iskarsu ta juya ni. Da ta zo, tun daga nesa nake ganin mota tana ɗan karkatawa ta bar mini wuri. Wasu har oda suke danna mana sau biyu, ni kuma in ɗan jinjina ta. Ban san fuskokinsu ba, su ma ba su san tawa ba. Lami suka sani.

Jarumtarta kuwa mutanen gidan Zailani shaidu ne. Gidan nan da ke bakin gonaki, suna da wani kare ja mai guntun kunne wanda ya ɗauki hanyar nan gadon ubansa. Wata safiya ya yo kaina a guje, baki a buɗe, ni kuma da akwatin allura a kafaɗa, ba halin gudu, gudun ma da kare ai neman cizo ne. Na tsaya cak, na juya kan Lami wajensa, na bari sai da ya kusa, na danna. Ta ce, "Fuf!" Karen nan, a ganinsa, mace ɗaya ta rikiɗa ta zama gobara. Ya ci birki da ƙafa huɗu, ya wuntsila cikin kunyar gyaɗa, ya tashi ya shige gida yana kai ƙara. Zailani ya fito yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malama, me kika yi masa? Ko ni da nake ba shi tuwo bai taɓa jin maganata haka ba." Tun daga ranar, in ya hango ja da rawaya sai ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Da damina kuma ita ce ma'aunina a rafi. In na iso na naɗe ta, na tsoma tsininta cikin ruwa kafin in sa ƙafa. In ruwan ya kai maɗaurinta, ba na shiga, ko Sarkin Ruwa ne ya ce ya lamunce mini. Wata Litinin cikin Agusta ruwan ya shafe maɗaurin. Na koma kan tudu na zauna. Wani matashin ɗan kasuwa mai mashin ya iso ya ce ai wannan ba ruwa ba ne, mata ne dai da tsoro. Ya shiga. Shi ya fito, mashin ɗin kuwa sai washegari aka tsamo shi can ƙasan gonar rake. Na makara awa biyu a ranar, amma da ƙafata na isa, kuma allurar ba ta jiƙe ba. In ciyawa ta rufe hanya kuwa, ita ke gaba tana bubbuga ƙasa, don duk igiyar ƙasan da ke kwance ta ji sallama ta ba mu wuri.

A asibiti ma ba ta zauna haka nan ba. Shekarar da iska ta kwashe rumfar da mata ke jira, Lami ce ta riƙa bi layi, daga wannan mai goyo zuwa waccan. Jarirai da yawa a Kanyar Tudu, ƙarƙashinta suka sha allurarsu ta farko, ita suka fara tsana kafin su gane ni ce mai laifin.

An ce a ambaci mamaci da alheri. Haka ne, amma wanda ya zauna da mutum shekara biyar ya san halinsa. Lami tana da cizo. Ɗan ƙarfen nan da ake dannawa ya sha mintsinar mini babban yatsa, har yanzu ga tabo. Tana da son kama hijabi, musamman in ina gaban mutanen da nake so su ga natsuwata. Ita ce kuma ta taɓa tuɓe wa Maigari hula ranar rigakafi, a gaban jama'a, lokacin da na juya zan gaishe shi. Dattijon kirki ne, ya ɗauki hularsa ya karkaɗe ya ce, "Ashe yau har da manya za a duba." Babban aibinta kuwa shi ne girman kai. Ba ta san ta sunkuya wa iska ba. Duk abin da ya taho, ƙirji take buɗe masa.

Ciwonta ya faro ne a shekara ta uku. Na shanya ta a tsakar gida bayan ruwa, ragon layyar maƙwabta ya shigo, ya ga ja, ya ja da baya ya kai mata karo. Haƙarƙari ɗaya ya karye. Malam Suhaibu ya yi mata ɗori da siririn ƙarfen ƙafar keke, ta miƙe, sai dai tun daga nan ta ɗan karkace ta gefe guda kamar mai sauraron gulma. Daga baya tsatsa ta kama mata gaɓoɓi. Kowace Juma'a Uwaisu yakan ɗiga mata man keken ɗinki, ta samu sauƙi kwana biyu. Rufinta ya fara hujewa, ya riƙa yi mata faci da ragowar atamfar mutane, har ta koma kamar tutar ƙasar da ba a kafa ba tukuna. Wata mata ta taɓa tsayar da ni ta ce wannan facin na gefen hagu ankon bikin ƙanwarta ne, ashe nan ragowar ta tafi. Jan ya koɗe, rawayan ya dusashe, amma daga nesa ba wanda zai ɗauke ta wata. A ƙarshe ta ƙaro kalma ta huɗu, wani siririn "ƙiii" da take yi in ta motsa, irin na tsofaffi in za su tashi daga tabarma.

Kafin faɗuwar daminar bana na kai ta a duba. Malam Suhaibu ya daɗe yana taɓa ta, sannan ya ce, "Rana za ta iya. Yayyafi za ta iya. Amma in kika ga hadari mai iska, ki naɗe ta, ki rungume ta, ke ki jiƙe. Iska ɗaya ta rage mata." Na ce na ji. Kuma na kiyaye, har zuwa ranar Talatar nan.

Ran nan na tashi aiki da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Na naɗe Lami kamar yadda aka ce, na ƙara sauri. Ina isa mararraba na tarar da amalanken shanu a tsaye. Ikrima ne, manomi daga wata unguwa can bayan Kanyar Tudu, da mahaifiyarsa Inna Hasana, da matarsa Barakatu kwance kan tabarma cikin amalanken. Barakatu wurina take awon ciki. Cikin fari ne, kuma tun yana wata bakwai na gaya musu ɗan a gicciye yake, wannan ba haihuwar gida ba ce, ba ta ɗan asibitinmu ba ce, da ta fara naƙuda a wuce da ita babban asibiti a Daura. Sun ji magana. Naƙuda ta zo da azahar, mako biyu kafin lokacinta, suka yanko ta burtali don ya fi kusa. Shanun sun kawo su kwalta, da suka ji tsawa suka kafe, ko bulala ba ta motsa su ba.

Ikrima ya ce mota uku sun wuce shi. Ba na ganin laifinsu. Iska ta taso da ƙasa, ruwa ya fara zuba, ba a ganin gaba sosai, kuma a wannan zamani ba kowa ke tsayawa don ya ga namiji a bakin hanya yana ɗaga hannu ba. Hular da yake kaɗawa ma iska ta fizge ta tafi da ita. Na ciro waya, ba sabis ko ɗigo.

Na hau amalanke na duba Barakatu. Abin da na gani bai ba ni damar jira ba. Ta kama hannuna ta ce, "Malama, mutuwa zan yi?"

Na ce, "Ba yau ba, in Allah Ya yarda. Ki riƙa jan numfashi yadda na koya miki."

Inna Hasana ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "'Yar nan, ki gaya mini gaskiya." Na ce mata, "Inna, mota muke so, yanzu."

Na sauko. Na dubi Lami, na tuna maganar Malam Suhaibu, na kwance maɗaurin. Ta ce "fuf" a hankali, kamar wadda aka tasa daga barci. Na tsaya bakin kwalta na riƙe ta da hannu biyu ina ɗagawa ina saukewa, iska na ja, ina ja, ita kuma tana ta "ƙiii, ƙiii," amma ba ta saki ba. Mota ta farko ta wuce ta watsa mana ruwa. Ta biyu akori-kura ce ɗauke da albasa. Ita ma ta wuce, sai na ga jar wutarta ta baya ta kama. Ta tsaya, ta dawo da baya. Wani dattijo mai furfurar gemu ya leƙo ya ce, "Mai jar laima! Lafiya? Shekara nawa ina wuce ki, ban taɓa ganin kin ɗaga ta haka ba."

Sunansa Ɗantsoho, jigilar kayan gwari yake yi zuwa Daura. Ran nan na fara sanin sunansa, shi ma ran nan ya san nawa. Kafin in gama bayani ya riga ya sauko ya buɗe ƙofa, ya kwashe kayansa daga kujera.

Daga amalanke zuwa mota taku goma ne. Ikrima da Ɗantsoho suka ɗauko Barakatu a tabarmarta, ni kuma na bi su ina kare mata ruwa da Lami. Taku goman nan marigayiya ta yi su ɗaya bayan ɗaya, tana rawa, tana kuka, tana tsaye. Sai da aka shigar da Barakatu, kanta ya shige ƙarƙashin rufin mota, sannan wata iska ta shigo ta ƙasa ta cika Lami. Ta juye sama gaba ɗaya. Kalmarta ta ƙarshe, wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, ita ce, "Ɓaras!" Haƙarƙari huɗu a lokaci ɗaya, rufin kuma ya tsage tun daga tsini har baki.

Ba lokacin kuka. Na miƙa wa Ikrima ita, na shiga gaba kusa da Barakatu. Inna Hasana ta ce, "Ku tafi, ni na san shanun nan tun suna maruƙa, zan mayar da su." Ikrima ya haye kan albasa cikin ruwa. Ɗantsoho ya ja mota a natse, bai faɗa rami ko ɗaya ba, yana ta salati ƙasa-ƙasa har muka shiga gari.

Tiyata aka yi mata. Ana kiran magariba muka ji kukan jaririya. Likitan da ya fito ya ce da mun ƙara awa guda a hanya, da wani labarin ake yi. Ikrima ya durƙushe a barandar asibiti ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi ya zo wurina, jiƙe sharkaf, yana warin albasa, ya miƙo mini abin da ke rungume a ƙirjinsa ya ce, "Malama, ga ta. Wallahi na riƙe ta da kyau, amma ina jin tun a can ta cika."

Uwa da 'ya suna lafiya. Shekaranjiya aka yi suna, yarinya ta ci sunan Khairunnisa. Wasu daga dangi sun ce a riƙa kiranta Lami don tunawa. Na ce a'a, ranar Talata aka haife ta, kada a ɗora wa yarinya ƙarya tun tana cikin tsumma.

Marigayiya ta rasu ta bar tagwaye biyu, takalmana kambas, waɗanda na saya da ɗan girma kaɗan don ƙafa takan kumbura in an yi nisa. Na hagu ya fara buɗe baki, muna roƙon jama'a su sa shi a addu'a. Ta bar safa ƙafa uku na auduga, ɗaya ta ɓata tun bara ba a ji ɗuriyarta ba. Ta bar gorar ruwa, wadda nake naɗewa da jiƙaƙƙen tsumma don ruwan ya yi sanyi, kuma tun ranar da abin ya faru take zubar da hawaye ta murfi, ko da yake Madina ta ce dama can tana yi. Ta bar jakar goyo mai hannu biyu, wadda ta raba ni da ciwon kafaɗa. Ta bar farin hijabi da ya gaji baƙin, da ɗan gwangwanin man kaɗanya da nake shafa wa dugadugai kafin in fita. Ta bar wata ƙusa a bayan ƙofar ɗakina, wadda ita kaɗai ta taɓa ratayuwa a kanta, yanzu tana nan tsaye ba ta san abin yi ba. Ta bar ni. Ta kuma bar Uwaisu, wanda tun ranar yake zagaya gari yana gaya wa kowa cewa shi ya zaɓi kalar.

Muna godiya ga duk waɗanda suka yi mana ta'aziyya. Matan Kanyar Tudu sun zo ƙungiya guda, Inna Hasana ta kawo ƙwarya cike da fura. Ɗantsoho ya aiko da rabin kwandon albasa, ya ce ba don kuka ba, amma in ana buƙata za ta taimaka. Zailani ya ce a gaya mini karensa ya ji labari, kuma tun jiya yake zama a bakin hanya da wata irin fara'a da bai yarda da ita ba. Masu cewa Allah Ya jiƙanta kuma, na gode da kyakkyawar niyya, amma ku bari. Malamai za su yi mana ca, kuma jiƙa dai damina shida ta sha jiƙa, ta ƙarshen ma ita ta kai ta.

Game da jana'iza, na tambayi limamin unguwarmu. Ya shafa gemu, ya ce laima ba ta da sallah, ba ta da wanka, amma bai ga inda aka hana a yi mata sutura ba. Saboda haka ga abin da iyali suka tsayar. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe za a taru a gindin darbejiyar mararraba. Uwaisu zai zo da almakashi ya cire abin da ya rage na rufin, zai ɗinka shi riga ga akwatin allura, don ta ci gaba da zuwa aiki. Ƙasusuwan da ba su karye ba Malam Suhaibu zai karɓa, ya ce akwai laimomi uku a kwance a rumfarsa masu jiran haƙarƙari. Mariƙin kuwa Inna Hasana ta roƙa, za ta ɗaura shi kan sanda, don gwiwarta ta fara gardama. Abin da ya saura, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, shi za a binne a wurin.

Ana roƙon masu zuwa su zo da ƙafa, don girmama mamaciya. A fito da wuri kafin rana ta yi ƙarfi, a bi gefen da ake fuskantar mota, a sa kaya masu haske, kowa ya riƙo ruwansa. Mai silifas ya san da kansa. Ba a yarda da kururuwa ba. Za a raba fura da ƙosai, Barakatu kuma ta ce in jikinta ya yi ƙwari za a kawo Khairunnisa a gani, a amalanke, da sharaɗin sama tana garau. Kada kowa ya zo mini da sabuwar laima a wurin, ba a yi wa mai takaba zancen aure. Na ga wadda Uwaisu ya ɓoye bayan keken ɗinki, na yi kamar ban gani ba, sai Litinin.

Sai roƙo na ƙarshe ga masu bin hanyar. Kwanakin nan in kun hango ni ina tafe hannuna na dama a ɗage daidai kafaɗa, a dunƙule, ba komai a ciki, kada ku tsorata. Hannun ne bai ji sanarwar ba tukuna. Jiya mutum bakwai suka ɗauka gaisuwa ce suka ɗago mini nasu. Ku ci gaba da amsawa, yana rage nisa.

Sanarwa daga Hajo Uwaisu, a madadin iyalai da sauran kayan tafiya.